Ganyen bayolet ɗin Gwaggo ya yi fure, amma bai ɗauko launin uwar ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Masu riƙon bayolet na Afirka, don Allah ku taimaka mini. Gwaggona da ta rasu bara a Jos, Allah ya jiƙanta, tana da wata tukunya a tagar ɗakinta da ta fi shekara goma tana kula da ita. Furen shunayya ne, amma kowane ganyen fure akwai farin zane da ya ratsa tsakiyarsa daga ciki har baki, in kin leƙa daga sama kamar tauraro. Bayan addu'ar arba'in na roƙi 'yarta ta cire mini ganye biyu. Na zo da su Kaduna a cikin jiƙaƙƙen tsumma, na gyara bakin karan da sabuwar reza, na dasa a kofin roba, na kifa leda a kai. Ɗaya ya ruɓe. Ɗayan bayan kamar wata biyu ya fito da 'ya'ya, na raba su tukunya uku. Wata tara ke nan ina lallaɓa su. Makon jiya biyu suka buɗe fure, shunayya zalla, ko ɗigon fari babu. Ta ukun ba ta buɗe ba tukuna. Wallahi sai da na zubar da hawaye, domin wancan zanen nake so in riƙa gani ina tuna ta. Taki ne na yi kuskure, ko me?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta wa Gwaggo, ya sa ta huta. Ki kwantar da hankalinki, furen fari na ƙaramar shuka ba a yanke hukunci da shi. Na fi shekara ashirin ina dasa bayolet a nan Zariya, kuma abin da na sha gani shi ne shukar da ta fara fure saiwarta ba ta gama kama tukunya ba, ƙarfinta kaɗan ne, sai ta ba da abin da ya sawwaƙa. Ina da wata mai fure ninki-ninki, ruwan hoda da farin baki. 'Yarta ta fara buɗewa a watan Afrilu, furanni uku ƙanana, falle ɗaya, farin bakin nan babu shi sam. Na tsinke su na ci gaba da ba ta ruwa. Da damina ta sauka gari ya yi sanyi, sai ga ta da ninkinta da farin bakinta kamar an tsaga kara da uwar. Ki jira fure na biyu, har na uku ma.

Baban Sadik: Hajiya, ni dai ban gamsu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muna dasa rogo da rake da dankali ta kara, ban taɓa ganin wanda ya dasa farin rogo ya haƙo wani iri ba. Ko dai tukwane sun yi yawa a tagar aka ciro ganyen wata, ko ƙudan zuma ne ya haɗa ta da wata fulawa.

Maman Ilham: Baban Sadik, a gabana aka cire, kuma tana cikin fure a lokacin. Tukunya ɗaya ce tal a tagar.

Malamin Gona: Allah ya jiƙan mamaciya. Batun ƙudan zuma mu ajiye shi gefe, Baban Sadik. Garin fure da ƙwaro ke ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan, iri yake shafa, wato ƙwayar da za a shuka. Shi ya sa in ka binne ƙwallon mangwaro ba ka san me zai fito ba, sai ka nemi ɗan aure. Ganye kuwa ba ruwansa da wannan, jikin uwar ne aka gutsuro. Maman Ilham, ina da tambaya kafin in ce komai. Farin nan, zane ɗaya ne miƙaƙƙe a tsakiyar kowane ganyen fure, kuma kowane fure haka yake? Ko kuwa ɗige-ɗige ne a warwatse kamar an yarfa fenti, wannan furen daban wancan daban?

Maman Ilham: Miƙaƙƙe ne Malam, kowane fure iri ɗaya, kamar da ma'auni aka ja shi. Ga hoton da na ɗauka a ɗakinta.

Malamin Gona: Na gani. To, gaskiya ɗaya ce, ba na so in sa miki rai a inda ba shi. Maganar Hajiya daidai ce a kan yawancin bayolet, amma wannan ta Gwaggo tana cikin 'yan ƙalilan da jira ba ya yi musu magani. Masana tsirrai suna kiran irinta kaimera, ni kuwa in ina yi wa ɗalibai bayani nakan ce shuka mai ruwa biyu.

Ga yadda abin yake. Can a tsakiyar shukar, inda sababbin ganye ke ɓullowa, akwai ɗan ƙanƙanin kai wanda komai daga gare shi yake fita. Ƙwayoyin halittar da ke wannan kai a shimfiɗe suke hawa uku, ɗaya kan ɗaya, kamar riga da 'yar ciki da fata. A shuka ta yau da kullum duka hawa ukun gadonsu ɗaya. A irin ta Gwaggo kuwa, hawa ɗaya yana ɗauke da gadon shunayya, wani yana ɗauke da gadon fari, suna zaune tare ba su gauraya ba. In fure ya tashi daga wannan kai, yana tafiya da tsarin gaba ɗaya, shi ne kike ganin gefe launi ɗaya, tsakiya wani.

Ganyen da aka yanke ba shi da wannan kai. Dole ya ƙirƙiri sabo, kuma yana ƙirƙirarsa ne daga ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan a bakin karan da kika yanka, yawanci daga hawan waje. Ƙwayar da ta fara, gadonta kaɗai jaririn zai ɗauka. Shi ya sa 'ya'yanki suka fito launi guda. Ba takinki ba ne, ba hannunki ba ne, ko a ɗakin bincike aka dasa ganyen nan abin da za a samu ke nan.

In kuna son ku gani da idonku, ku gwada da moɗar ado, wannan mai dogayen ganye kamar takobi da rawaya a gefe, wadda ake jerawa a ƙofar ofisoshi. Yanka ganyenta gunduwa-gunduwa ka dasa, za ta tsiro, amma kore zalla, rawayar ta tafi. Sai ka raba ta daga gindi sannan gefen yake biyo ta.

Baban Sadik: Ikon Allah. Wannan na moɗa ya faru da ni, na ɗauka ƙasar ce ba ta da kyau. Na janye batun musanya, Maman Ilham ki yi haƙuri.

Hajiya Babba: Malam, ban ƙi ta taka ba, ilimi naku ne. Amma ni da hannuna na dasa ganyen wata mai launi biyu, cikin 'ya'ya biyar biyu suka fito da launi biyun. In da na bi wannan magana da ban dasa ba ke nan. Kada mu sa yarinya ta fid da rai alhali akwai ta uku da ba ta buɗe ba.

Malamin Gona: Ranki ya daɗe, taki ɗin zane ne ko yarfi?

Hajiya Babba: Yarfi ne. Ruwan hoda, da ɗige-ɗigen shuɗi kamar ƙwan zabo.

Malamin Gona: Yauwa, wannan wata hanya ce daban, kuma abin da kika gani shi ne daidai. Masu yarfi suna biyo ganye, sai dai ba duka 'ya'yan ba. Kin san masarar nan da ake samun ƙwaya ɗaya da ɗige-ɗigen launi a jikinta? Wata masaniya 'yar Amurka, Barbara McClintock, a kan masara ta gano cewa akwai guntayen gado da ke tashi daga wuri su koma wani wuri a cikin ƙwayar halitta. Shi ya kai ta ga kyautar Nobel a 1983. In guntun ya zauna a kan gadon da ke yin launi sai ya toshe shi, in ya tashi sai launin ya dawo. A bayolet ma masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan sun sami irin wannan a wata mai suna Thamires, ruwan hoda da yarfin shuɗi kamar taki. Duk inda guntun ya tashi a jikin furen, wurin sai ya zama ɗigon shuɗi. In kuwa ya tashi tun a ƙwayar farko da jaririn ya tsiro daga gare ta, shukar gaba ɗaya sai ta zama shuɗiya, kuma ba ta komawa. Ukun da suka bauɗe miki, Hajiya, launi mai duhun suka ɗauka ko?

Hajiya Babba: Ƙwarai kuwa, shuɗi mai duhu. Kuma tun suna ƙanana na lura bayan ganyensu ja ne, alhali na uwar kore ne mai haske. Tun daga lokacin in na raba 'ya'ya sai na juya ganye na duba. Wanda bayansa ya yi ja ko ya yi dabbare-dabbaren ja, na san da wuya ya yi halin uwarsa.

Malamin Gona: Wannan lura taki ta fi dogon bayanina amfani. Sinadarin da ke rina furen shi ne dai ke rina bayan ganyen. Game da ta ukun kuwa, ban ce ba ya yiwuwa ba sam, akan dace jefi-jefi, a bar ta ta buɗe. Amma kada Maman Ilham ta zauna jiran ta alhali uwar tana nan da rai a Jos.

Maman Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Maraɗi nake, tawa matsalar zafi ce. An kawo mini wata mai ganye da farin gefe, kyakkyawa, daga Maris zuwa yanzu duk sabon ganyen da ya fito kore ne. Ita ma ta bauɗe ke nan?

Hajiya Babba: A'a ƙanwata, wannan ta zafi ce, kada ki taɓa ta. Bayolet tana son tsakanin digiri 18 zuwa 24 ne, mu kuwa a bazara ɗaki ma yana haura 35. Zafi yana mayar da farin ganye kore, yana cinye farin bakin fure, yana rage ninki, furen ma bai kai kwana nawa ba ya zube. Taki mai yawan sa ganye shi ma yana ƙara korantar da ita, ki rage. Ki sauke tukunyar ƙasa kan siminti, a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da tagar gabas amma kada rana ta taɓa ta. Ni ina ajiye nawa kusa da randa, a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa, gindin tukunyar bai taɓa ruwan ba. Ganyen da ya riga ya fito kore ba zai sake ba, amma waɗanda za su fito da hunturu za ki ga farinsu. Abu ɗaya, kada zafi ya sa ki zuba mata ruwan firji. Ruwan sanyi in ya taɓa ganye yana barin tabo mai zobe, ba ya fita. Na ɓata tukunya huɗu da haka kafin in gane.

Maman Biyu: Na gode Hajiya. Wallahi ruwan randa mai sanyi nake yayyafa mata kullum da rana, ga tabon nan kuwa ina gani. Na daina daga yau.

Ɗan Hanoba: Ina biye da ku tun safe, sai yanzu na tashi daga aiki. Anti Maman Ilham, Allah ya ba da haƙuri. Ina so in roƙi alfarma wa biyun nan da suka fito shunayya, kada a raina su. Garin da nake zaune a Jamus yana da hannu a tarihin fulawar nan. A 1892 wani jami'in mulkin mallakar Jamus a yankin Tanga, Walter von Saint Paul-Illaire, ya same ta a ƙasar da yau take Tanzaniya, wajen duwatsun Usambara, ya aika wa mahaifinsa iri. Daga nan ta iso lambun Herrenhausen da ke nan Hanoba, inda Hermann Wendland ya yi bayaninta a 1893 ya sa mata Saintpaulia don girmama su. Ba ma dangin bayolet na ainihi ba ce, kamannin fure ne ya jawo mata sunan. A 2015 masana suka mayar da ita ƙarƙashin wani rukunin tsirrai mai suna Streptocarpus, ko da yake masu saye da sayarwa tsohon sunan suka riƙe.

Abin da nake so ku duba shi ne, ta dajin furenta ƙarami ne, falle ɗaya, shuɗi zuwa shunayya. Iri goma na farko da kamfanin Armacost da Royston na Los Angeles ya fitar kasuwa, ciki har da Blue Boy, duk a wannan launi suke. Mai ninki ta ɓulla ne a 1939 daga shukar da ta ƙi bin uwarta. Ruwan hoda ya zo a 1942 ta wannan hanya. Fari, yarfi, zane, ganye mai farin gefe, kusan duk abin da muke sha'awa yau asalinsa wata 'ya ce da ta bauɗe wani ya ƙi zubar da ita. Ita kanta ta Gwaggo haka kakarta ta samu. Naki biyun, Anti, launin da suka koma shi ne mafi kusa da na gida.

Saboda wannan hali nata ne ma ƙungiyar masu bayolet ta Amurka, wadda aka kafa a 1946, ba ta yi wa sabon iri rajista sai an dasa shi zuriya uku a jere yana fitowa iri ɗaya.

Baban Sadik: To ni a nan nake da magana. In haka ne, masu sayar da ganye ko ƙananan shuka ba su yi adalci ba in ba su faɗa wa mai saye ba. Na taɓa sayen 'yar ƙarama a wani lambu a bakin titi, hoton da aka nuna mini daban, abin da ya buɗe daban. Da na koma sai aka ce ƙasata ce.

Hajiya Babba: Wasu ba su sani ba ne, wasu kuwa sun sani. Ni ƙa'idata, ba na ba mutum 'yar shuka da sunan uwarta sai na ga furenta da idona. In ban gani ba nakan ce ga 'yar wance, amma ban ga furenta ba, in kina so ki ɗauka. Mai zane kuwa in za ka saya, saye ta tana cikin fure.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hankalina ya ɗan kwanta da na ji ba ni na ɓata ba. Ɗan Hanoba, ba zan zubar da su ba, ai daga jikin tata suka fito. Malam, yanzu ta yaya zan sami mai zanen?

Malamin Gona: Duk hanyar da za ki bi, dole ta zo da wancan kan mai hawa uku. Mafi sauƙi ita ce 'yar gindi, kamar yadda ake cire 'yar ayaba. Ki ce wa 'yar'uwarki ta ɗaga ganyen ƙasa ta duba jikin kututturen, a hammatar ganye. Tsohuwar shuka mai shekara goma da wuya a rasa ƙaramin kai da ya tsiro a gefe. A bar shi ya yi ganye huɗu zuwa shida, sannan a sa bakin reza ko tsinke mai tsabta a ɓanɓaro shi da ɗan gindinsa. A dasa a ƙaramin kofi mai huji, ƙasa mai sauƙi mai ɗan danshi, a rufe da leda mai haske kamar wata guda.

Hanya ta biyu karan fure. In kin duba ƙasa da inda furanni suka rabu, akwai 'yan ganye biyu ƙanana suna kallon juna. A cire furannin daga samansu, a yanke karan kamar santimita biyu a ƙasansu, a soka a ƙasa har 'yan ganyen su zauna a bakin ƙasar, a rufe. Daga hammatarsu jariri ke fitowa. Yana da jinkiri, da yawa suna ruɓewa, don haka a dasa huɗu ko biyar, a zaɓi masu manyan 'yan ganye.

Ta uku, in an rasa 'yar gindi, a yanke kan uwar gaba ɗaya a dasa shi daban, kututturen da ya rage zai fito da 'ya'ya da yawa. Masu sana'ar haka suke yi.

Hajiya Babba: Malam, ta ukun nan ban yarda da ita ba a wannan shukar. Masu sana'a suna da goma, in ɗaya ta mutu ba su yi asara ba. Wannan ɗaya ce a duniya, kuma ta marigayiya ce. A ce wadda ba ta taɓa yi ba ta sa reza a wuyanta? In ta ruɓe, me za a ce wa 'yarta? Zumunci ma sai ya taɓu. A bi ta farko da ta biyu, ko shekara za a yi.

Malamin Gona: Na karɓa, Hajiya. Na faɗe ta ne don a san da ita. In an sami 'ya ɗaya ta kama ta yi fure da zanenta, to a kanta za a iya gwadawa nan gaba. Kuma ko 'yar gindin ce, wani lokaci takan zame ta fito launi ɗaya, don haka in an sami biyu a ɗauki biyun.

Ɗan Hanoba: Ƙari kaɗan, Anti. Jos ta fi Kaduna sanyi nesa ba kusa ba, tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200. Ko kin sami 'yar gindin, in ta fara fure a bazarar Kaduna za ki iya ganin farin zanen ya tsuke ko shunayyar ta malala cikinsa. A nan maganar Hajiya ta farko za ta yi aiki, ki jira na biyu da na uku. Da ni ne, sai in bari ta yi saiwa a can Jos, in ɗauko ta da damina.

Maman Ilham: Na dawo da labari. Na kira 'yar'uwata ta bidiyo, ta ɗaga ganyen ina kallo. Akwai 'yan gindi biyu, Malam! Ɗaya ganyenta uku, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, ɗayar ƙanƙanuwa ce sosai. Ta ce da ma tana shirin tsinke su ta yar, don ta ga suna karkatar da uwar gefe. Na roƙe ta ta bar su. Akwai kuma karan fure biyu da suka fara yaushi.

Hajiya Babba: Alhamdu lillahi. Mai ganye ukun a ƙara mata sati uku ko huɗu. Karan furen kuwa kada ta jira su bushe, gobe da safe ta yanke su ta dasa yadda Malam ya ce. Ki ce mata ƙasar danshi kawai, in ta matsa a hannu kada ruwa ya ɗiga, kuma kada ledar ta taɓa ganyen, ta kafa tsinken tsintsiya biyu su ɗaga ta.

Maman Ilham: To Hajiya, yanzu zan tura mata. Na je na juya ganyen nawa ukun kamar yadda kika ce. Biyun da suka yi fure bayansu ja ne sosai. Ta ukun bayanta kore ne mai haske, kuma ƙunshin furen da ta ɗauko fari-fari nake ganinsa.

Malamin Gona: Mai yiwuwa ita ɗaya hawan ta ɗauko, ta fito fara zalla. In ta buɗe ki ɗauko mana hoto da hasken safe, kusa da taga, kada ki kunna fitilar waya.